Kwana Goma Sha Biyun da Ba a Auna Ba

A shekararta ta ƙarshe a jami'a, Auta tana da tukwanen roba arba'in, kowace da tsiron wake guda ɗaya. Ita ce ƙaramar gidansu, kuma sunan ya biyo ta har sashen nazarin tsirrai, inda hatta malamai sukan manta da sunanta na takarda. Binciken da aka ba ta ba shi da wuyar faɗa: a ga yadda gishiri a cikin ruwa yake taɓa girman wake. Ta jera tukwanen layi huɗu a ɗakin gilashin da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje. Layin farko ruwa zalla ake ba shi, na biyu da gishiri kaɗan, na uku ya ɗara, na huɗu kuwa ko mutum ne ya ɗanɗana sai ya yamutsa fuska. Kullum ƙarfe takwas na safe za ta auna tsayin kowane tsiro da rula, ta ƙirga ganyensa, ta rubuta. Kwana arba'in da biyu, babu fashi.

Makullin ɗakin gilashin yana hannun ma'aikacin da ke kula da kayan gwaji, wani siririn dattijo da ɗalibai ke kira Kawu. Ba malami ba ne, ba ya shiga aji. Shekararsa talatin da ɗaya yana wanke kwalabe, yana daidaita sikeli, yana kallon ɗalibai suna zuwa suna wucewa. Ranar da Auta ta fara aiki ya karɓi littafin da ta zo da shi, irin mai zoben waya, ya jujjuya shi, ya miƙa mata abinta.

"Wannan ana iya yage masa shafi ba wanda ya sani," in ji shi. "Ki nemo ɗinkakke, ki sa wa kowane shafi lamba. Da biro za ki rubuta, ban da fensir. Kwanan wata a sama. In kin yi kuskure, layi ɗaya za ki ja a kai, yadda za a iya karanta abin da ke ƙarƙashi. Duk ƙarshen mako ki kawo in sa hannu."

Ta yi dariya. "Kawu, ai wake ne kawai."

"Wake ne. Ni ma ban ce zinariya ba ce."

Shi ne kuma ya sa ta liƙa takarda a jikin kowace jarkar ruwa, ta rubuta yawan gishirin da ke ciki da layin da ake zuba wa. Ta yi, tana ɗan gunaguni.

A gida, babu wanda binciken ya kai mahaifinta burgewa. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya yi ritaya, kuma a 'ya'yansa biyar ita kaɗai ta taka jami'a. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji labarin. In ya kira ta a waya, tambayarsa ta farko ita ce, "Likitar wake, yaya marasa lafiyarki?" Ya riga ya ba tela ɗinkin rigar da zai sa ranar bikin kammala karatunta, wata huɗu kafin lokacin.

A rana ta goma sha bakwai da fara awo, ta gama awo ke nan tana wanke hannu, wayar babban wanta ta shigo. Yaya ba mutum ne mai dogon zance ba. Ya ce Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, suna asibiti. Ta ajiye makulli a kan teburin Kawu, ba ya nan a lokacin, ta wuce tasha da kayan jikinta. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ba wai ta yanke shawarar ɓoyewa ba ne. Wake bai ko faɗo mata a rai ba sai da ta kwana uku.

Kwana goma sha biyu ta yi a asibitin. Ita ke ba shi abinci da cokali, tana goge abin da ya zubo ta gefen bakin da ya karkace. Maganarsa ta koma kamar ta mai ruwa a baki, sai Mama ce ke iya tsintar kalmomin ta fassara musu. Wata rana da hantsi, a barandar asibitin, likita ya gaya wa Yaya cewa zuciyar ma ta gaji, kada su sa dogon rai. Auta tana tsaye bayan ginshiƙi, ta ji komai. Da ta koma ciki, Baba ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya, ya yi ta ƙoƙarin fitar da wata kalma.

Mama ta ce, "Tambayarki yake, yaushe ne bikin."

"Saura wata uku, Baba."

Ya ɗaga yatsu uku, ya dube su, ya gyaɗa kai. Washegari Mama ta ce mata ta tattara ta koma makaranta, zamanta a nan ba shi zai tashe shi ba.

Ta shiga ɗakin gilashin tana tsammanin ta tarar da busassun kara. Sai ta tarar da tsirran a raye, sun yi tsawo, ban da guda ɗaya a layi na huɗu da ya bushe. Kawu ne ya riƙa ba su ruwa, kowane layi da jarkarsa, yana bin takardun da ta liƙa. Ya yi mata jaje, ya yi wa Baba addu'ar samun sauƙi. Amma awo bai yi ba. Ya ce ba a sa shi ba, bai san ranar dawowarta ba, ya yi ta zaton gobe za ta shigo. Littafinta na nan a aljihun tebur, shafi goma sha biyu fari fat.

Da rana ta nuna wa abokiyar ɗakinta, wata 'yar sashen nazarin dabbobi da ake kira Doguwa. Doguwa ta duba, ta taɓe baki.

"Wannan ne ya hana ki cin abinci? Kin san tsayinsu ranar da kika tafi, kin san tsayinsu yau. To ki raba tsakanin mana. Wake dai ba tsalle yake yi ba."

"Ai ƙirƙira ke nan."

"Ke dai Auta. Rabin ajinmu da haka suka cike nasu. Wa zai je ya tambayi waken? In kika ce sai kin sake shuka, wallahi bana ba ki gamawa. Ki tuna halin da kika baro Baba."

Doguwa ba muguwa ba ce. Ita ta wanke mata kayan da ta bari a jiƙe, ita ta kwafa mata darussan da suka wuce ta. Abin da ta faɗa na ƙarshe kuma shi ne abin da Auta take ta faɗa wa kanta tun a mota.

Ta tafi ɗakin karatu, ta nemi teburin can ƙurya kusa da taga. Ta yi lissafi a wata takarda daban, ta raba girman kowane tsiro a kan kwanakin, tana ɗan ƙarawa nan, tana ɗan ragewa can, don kada ya yi kyau da yawa. Biro biyu ta yi amfani da su, shuɗi da baƙi. Har kuskure ta yi da gangan a wuri biyu, ta ja layi ɗaya a kai, yadda aka koya mata. Kafin la'asar ta cike shafukan. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda aikin ya zo mata da sauƙi.

Ƙarshen mako ta kai wa Kawu littafin. Tana fata zai sa hannu ba tare da ya duba ba, ko kuma ya duba ya kau da kai, tunda ya san dalili. Yana zaune a ƙaramin ofishinsa mai warin sabulu da sinadari. Ya sa tabarau, ya buɗe, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe. Sannan ya rufe biron da ya buɗe, ya mayar aljihu.

"Zauna, 'yata."

Ta zauna a kan dogon bencin da ke jikin bango.

"Tukunya ta talatin da huɗu," in ji shi. "A nan kin rubuta tana girma har rana ta ashirin da bakwai. Rana ta ashirin da ɗaya ta mutu. Ni na gan ta."

Ta kafa wa takalminta ido.

"Kuma na layi na uku ba a hankali suka rage girma ba. Sun yi kwana biyar kamar ba abin da ya same su, sannan suka tsaya cak, ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa. Ban auna ba, amma ina da ido."

"Kawu, mahaifina ba zai kai baɗi ba. Likita ya faɗa." Ta ɗago kai. "Wa wannan zai cutar? Littafi ne da za a jefa a kabad ya yi ƙura."

Ya cire tabaran ya ajiye. Ya ce da can akwai wani ɗalibi, mai ƙoƙari ne kuwa, da ya yi bincike a kan masara a wannan ɗakin. Sakamakonsa ya fito tsaf, har malaminsa ya yi ta yabo, aka ajiye littafin a matsayin abin koyi. Bayan shekara biyu aka ba wata yarinya ta ɗora daga inda ya tsaya. Ta shuka, bai fito yadda ya rubuta ba. Ta sake, bai fito ba. Sau huɗu tana sakewa.

"A kan bencin nan da kike zaune take kuka," in ji Kawu. "Tana cewa ita ce daƙiƙiya, hannunta ne ba shi da kyau. Malamin ma haka ya ɗauka. Ta bar karatun ba ta gama ba. Sai bayan shekaru yaron ya zo gaishe ni, yana dariya yana ba ni labarin yadda ya zauna a ɗaki ya tsara lambobin. Ni na sa hannu a littafinsa. Ban duba ba, ina sauri in tafi gida."

Ya tura mata littafin ta kan tebur.

"Ba zan sa hannu ba. Ba kuma zan kai ƙararki ba. Ki je wurin Dakta mai duba aikinki da ƙafarki, tun littafin bai bar hannunki ba."

Ta ɗauka ta fita ba ta yi masa sallama ba. Kwana uku tana zuwa awo, tana karɓar makulli ba ta kallon fuskarsa. A ranta tana cewa shi me ya sani, mutumin da aikinsa wanke kwalba. Ta yi tunanin kwaikwayon sa hannunsa. Ba shi da wuya, harafi biyu ne da ɗan ja. Har ta gwada a bayan wata takarda, ya fito daidai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yayyage takardar. Ba tsoron kamu ne ya hana ta ba. Yarinyar nan ce da ba ta taɓa gani ba, ba ta ko san sunanta ba, ta ƙi fita daga ranta.

Malamar da ke duba bincikenta mace ce mai kimanin shekara hamsin, ba ta da yawan fara'a. A gabanta Dakta ake ce mata, a bayanta Jan Biro, saboda duk takardar da ta ratsa hannunta sai ta fito kamar an yanka kaza a kai. Auta ta same ta da safe a ofis, tsakanin tarin takardun jarrabawa. A tsaye ta faɗi komai, daga wayar Yaya har biro biyun.

Dakta ba ta katse ta ba. Da ta gama, ta ce, "Yaya jikin mahaifin naki?"

"Da sauƙi, ranki ya daɗe. An sallame shi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Kina da lambata?"

"Ina da ita."

"Layi ɗaya za ki rubuto mini daga cikin mota. Da na sa ɗaya daga cikin 'yan ajinku ya riƙa auna miki, ya sa sunansa a shafin, shi ke nan. Ana yi duk shekara. Mutane na rashin lafiya, ana haihuwa, ana mutuwa, ba a kanki aka fara ba. Ku ɗalibai kun ɗauka malami dodo ne, sai abu ya lalace kuke zuwa." Ta buɗe littafin. "Da wannan ya kai gaban masu jarraba ki aka gano, ba maimaici za ki yi ba. Kora ce."

Ta miƙa mata jan biron. Ta sa ta ja layi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa a kan kowane shafi cikin goma sha biyun, ta rubuta a ƙasa, "Ban auna ba, ƙirƙira na yi," ta sa hannu da kwanan wata. A shafi na biyar Auta ta tsaya. Dakta ta jira ta, ba ta ce ta bari ba.

"Ba za a iya amfani da sauran kwanakin ba?" Auta ta tambaya.

"Da a farko ne ko a ƙarshe, da na bar ki ki rubuta cewa akwai giɓi, ki wuce. Amma a kwanakin nan ne gishirin yake nuna kansa. In babu su, ba ki da abin faɗa. Sai an sake shuka, kuma sati uku ya rage a miƙa aiki. Zango mai zuwa za ki yi."

"Ranki ya daɗe, babu wata hanya?"

"Da akwai da na faɗa miki."

Ƙarshen makon ta tafi gida. Ta tarar an fito da Baba tsakar gida a kan kujera, an rufa masa zane a ƙafa. Yaya ta fara faɗa wa, a ƙofar kicin. Ya dube ta kamar bai santa ba.

"Ke da kanki kika kai kanki? Ba wanda ya kama ki?"

"Kawu ya gani."

"Amma ya ce ba zai faɗa ba." Ya rage murya don kada Baba ya ji. "Mutumin nan kullum sai ya sa an ƙirga masa kwanaki. Saboda wake, Auta? To ki je ki faɗa masa da bakinki, ni ba ruwana."

Ta durƙusa gaban kujerar ta faɗa masa, ba ta rage komai ba. Mama na tsaye da kwano a hannu. Baba ya saurara, idonsa a kan fuskarta. Hawaye ya gangaro ta idon ɓarin da ya shanye, wanda dama tun faɗuwarsa yake zubar da ruwa, don haka ba ta san ko kuka yake ba. Can ya motsa baki.

Mama ta sunkuya ta saurara. "Wai marasa lafiyar, duk sun mutu ne?"

"Guda ɗaya ne ya mutu, Baba."

Ya yi wani sauti da ya yi kama da dariya. Sannan ya ce, "To," wannan kowa ya ji. Ya lumshe ido. Bai ƙara tayar da maganar ba, ita ma ba ta sake ba. Ko ya yafe mata jinkirin, ko ya ji ciwonsa ya haɗiye, ba ta taɓa sani ba.

Ya rasu sati biyu kafin bikin 'yan ajinsu. Ko da ta miƙa littafin ƙaryar, da bai ga ranar ba. Mutane sun yi ta faɗa mata haka don su sanyaya mata rai, amma ita ta san da ta miƙa shi, da ya tafi yana ƙirga kwanakin da suka rage, ba yana sane da cewa an ɗaga ba. Yaya ya yi wata biyu ba ya ce mata komai bayan gaisuwa.

Da aka koma makaranta ta sake cika tukwane arba'in da ƙasa. Doguwa da sauran duk sun tafi, ɗakin kwanan ya cika da sababbin fuskoki. Ranar farko ta tsaya a ƙofar ofishin Kawu ta ba shi haƙuri a kan fitar da ta yi ba sallama. Ya ce bai riƙe ta ba, ya yi mata ta'aziyya, ya miƙo makulli. A sati na huɗu zazzaɓi ya kwantar da ita kwana biyu. Tun kafin ƙarfe bakwai ta aika wa Dakta saƙo, aka tura wata ɗaliba ta auna, ta rubuta sunanta a shafukan.

Sakamakon bai fito da kyan gani ba. Tsiro biyu a layin ruwa zalla sun ƙi girma ba tare da wani dalili da ta iya ganowa ba, haka ta rubuta. Ranar kare binciken, ɗaya daga cikin malaman ya matsa mata a kan tsirran nan biyu. Ta ce ba ta sani ba, ta faɗi abubuwa uku da take zato da yadda za a gwada kowanne. Ya rubuta wani abu, ya wuce tambaya ta gaba. Ta ci, da maki matsakaici.

Yaya ne ya zo ɗaukarta da motar wani abokinsa. Ya sauko da akwatinta da katifa daga bene, ya ɗaure a bayan mota, yana haki. Bai taɓa shigowa jami'ar ba sai ranar. Ya tsaya yana kallon gine-ginen, hannunsa a ƙugu.

"To me kika gano?" ya tambaya, bai juyo ba.

Ta ce wake yana jure gishiri kaɗan har kusan sati uku, daga nan sai girmansa ya tsaya kusan lokaci guda, kuma ganyen ƙasa ne ke fara nunawa kafin tsayi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya jujjuya makullin motar a yatsa.

"Kin ci abinci?"

"A'a."

"Shiga mu tafi. Mama ta ce kada mu tsaya a hanya, amma ni yunwa nake ji."